Wai goge cikin bindigar fenti yana ƙara mata wani abu, ko dai a zuciya ne kawai?

Sadiq_98:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya gare ni, kuma don Allah wanda ya taɓa yi da hannunsa nake so ya amsa, ba wanda ya ji an ce ba. Na sayi bindigar wasan harbin fenti (paintball) ƙirar Tippmann 98 Custom ta hannu wajen wani da zai bar gari, ta ɗan sha jiki amma lafiyarta ƙalau. Jiya na kwance ta na raba ta gida biyu zan wanke, sai na ga hanyar da guduma, wato ƙarfen da ke dukan bawul ya saki iska, ke kai-komo a ciki ba ta da santsi, fentin jiki ya shiga har can, in ka bi da yatsa kana jin kaushi. Duk bidiyon da na kalla cewa suke a bi wurin da samfefa har ya koma kamar madubi, wai gudu zai ƙaru, iska za ta daɗe, harbi zai daidaita, amma ban ga wanda ya auna kafin ya goge kuma ya sake aunawa bayan ya goge ba, kowa sai dai ya ja guduma a gaban kyamara ya ce ku ji laushi. Ni abin da ke tsorata ni shi ne ƙarfen da ka kankare ba ya dawowa. Akwai wanda ya gwada da na'urar awon gudu? In babu ni zan gwada, ku nuna min yadda zan tsara abin kada in yi wahalar banza.

Baban_Ilham:
Wa alaikumus salam. Na yi wa tawa kuma wlh ban yi nadama ba. Da samfefa mai lamba 400 na fara, ina jiƙawa da ruwa, sai 800, sai 1000, na ƙare da 2000, sannan na shafa man goge ƙarfe na Autosol a tsumma na yi ta dirza. Wuni guda na yi a tsakar gida, ruwan cikin roba ya koma toka-toka, yatsuna suka yi baƙi ƙirin har kwana biyu. Da na haɗa ta na ja guduma baya sai na ji tana sulɓi kamar an zuba mata yauƙin kuɓewa, wannan ƙarar gar-gar ɗin ta ɓace gaba ɗaya. Ka yi kawai, ba za ka yi da-na-sani ba.

Sadiq_98:
Na gode Baban Ilham. Amma ka auna gudunta kafin ka fara?

Baban_Ilham:
A'a gsky ban auna ba, lokacin ban ma da kurono, wato na'urar awon gudun. Amma hannu ai ba ya ƙarya.

Malam_Lissafi:
Hannu ba ya ƙarya a kan laushi, wannan na yarda. Amma hannu ba zai gaya maka ƙwallon fenti ta fita da gudun ƙafa 275 ko 285 a daƙiƙa ba. Kuma ga babbar matsalar da nake gani a duk masu ba da wannan shaida: ranar da mutum ya goge bindigarsa ita ce ranar da ya kwance ta, ya wanke tsohon mai da ya daskare da ƙura, ya canza zoben roba, ya zuba sabon mai. Abu huɗu ya yi a rana ɗaya, sai yabon duka ya tafi ga samfefa. Sadiq in da gaske kake, raba aikin kashi uku. Ka auna ta yadda take yanzu da daudarta. Ka wanke ta tas, ka canza roba, ka sa mai, kada samfefa ta taɓa ta, ka sake aunawa. Sai a karo na uku ka goge ka auna. Kuma sukurun nan na gefe da ake rage gudu da shi, ka liƙa masa salatif kada hannunka ya je wurin ko da mantuwa.

Sadiq_98:
To ai na riga na buɗe ta jiya Malam, amma ban wanke ba tukuna, sallar magariba ce ta tashe ni na rufe ta da tawul. Zan mayar da ita yadda take. Harbi nawa zan yi kowane karo?

Malam_Lissafi:
Kada ya gaza 30. Biyar ko goma da mutane ke yi ba ya nuna komai, ƙwallo ɗaya mara kyau za ta ɓata maka lissafi. Ka rubuta kowace lamba, kada ka zubar da wadda ba ta yi maka daɗi ba. Abu biyu muke nema: matsakaici, da kuma yadda lambobin suka warwatsu. A ce wata bindiga ta ba ka 270, 291, 278, wata kuma ta ba ka 279, 281, 280, matsakaicinsu kusan ɗaya ne amma ta biyun ita ce ta kirki, don ita ce ƙwallonta za ta riƙa sauka wuri guda.

UsmanKanike:
Ni ban daɗe a wasan nan ba amma shekarata ashirin da wani abu ina buɗe inji, bari in faɗi abin da na sani. Wannan maganar ta "kamar madubi" ita ce ban yarda da ita ba. In muka kai silinda a gyara, ba madubi ake mayar da ita ba, da gangan ake barin wasu ƙananan zane-zane masu gicciye a jikin bangon, don su ne ke riƙe mai. Silindar da ta yi ƙyalli sosai mu a wurinmu ta lalace kenan, mai ba ya zama, ringi ba ya kamawa. To ina ganin nan ma haka ne, ka kashe kaushin da ke kama guduma ka tsaya. Neman ka ga fuskarka a ciki ado ne kawai.

Injiniya_MB:
Oga Usman ya kawo magana mai kyau, duk da zafi da gudun da ke cikin inji sun yi wa na nan nisa. Amma ku bari mu duba yadda ita 98 ɗin take aiki, don a nan amsar take. In ka danna kunama, maƙalin da ke riƙe guduma ya sake ta, sifirin ya tura ta gaba, akwai ɗan ƙarfe siriri da ya haɗa ta da bolt na gaba, wato abin da ke tura ƙwallo, don haka tare suke tafiya, na gaba ya tura ƙwallo cikin bututu, ita kuma guduma ta daki tsinken bawul. Iska ta fito, wata ta bi gaba ta kori ƙwallo, wata ta dawo baya ta mayar da guduma mazauninta. To ƙarfin dukan nan shi ke yanke yawan iskar da za ta fita. In ka rage gogayya, guduma za ta isa da ɗan ƙarin ƙarfi, bawul ya ƙara buɗewa, gudu ya ɗan hau. Amma ku lura, ya hau ne don iska ta ƙara fita, ba don an yi tattalinta ba. Sannan sukurun gudu na 98 ba bawul yake ragewa ba, shaƙe hanyar iskar yake yi bayan ta riga ta fito. Ma'ana in gudunka ya hau ka mayar da shi da sukuru, iskar ta riga ta tafi, ba ka ajiye komai ba. Wanda yake son ya ci ribar gogewa a yawan harbi sai ya sa sifirin mai laushi ko ya sa marfin baya mai rage ƙarfin sifirin. In ba haka ba wannan alƙawarin na "iska za ta daɗe" ni ban ga ta inda zai cika ba.

Sadiq_98:
Kai, wannan ban taɓa tunaninsa ba Injiniya. Kenan in ƙirga harbi nawa tukunyar iska ɗaya ke ba ni shi ma?

Injiniya_MB:
Eh in kana da kuɗin ƙwallo. Ka cika tukunya zuwa wata lamba a agogon, ka harba adadi ɗaya kowane karo, ka duba ina allura ta sauka. Amma ka bar tukunya ta huce bayan an cika ta, da zafinta agogo yana nuna sama da gaskiya.

Alƙalin_Fili:
Ni duk wannan neman ƙarin gudun ban gane amfaninsa ba. Iyakar da aka sani a wasan ita ce ƙafa 300 a daƙiƙa, filaye da yawa ma a 280 suke tsayawa, mu ma haka. Ƙafa 300 ɗin nan kusan mita 91 ne a daƙiƙa, wajen kilomita 330 a awa, abin rufe fuska an yi shi ne da wannan lissafin. Ka goge ka ƙaro ƙafa goma ka zo wurina in sa ka a kurono in ce rage. To me ka samu? In dai daidaito ne ake nema ina tare da ku, amma gudu kam kowa a layi ɗaya zai tsaya.

Ɗan_Hamburg:
Mu nan Jamus ma abin ya fi haka tsauri, doka ta tsayar da ƙarfin harbi a jul 7.5, wanda da ƙwallo mai nauyin kusan giram 3.5 yana kamawa wajen ƙafa 214 a daƙiƙa ne kacal, kuma bindigar sai tana ɗauke da tambarin F ɗin nan a cikin zane mai kusurwa biyar. Don haka duk gyaran da zai ɗaga gudu mutum yana taka-tsantsan da shi sosai. Abin da na lura shi ne a ƙaramin ƙarfi irin namu, inda sifirin ba shi da tauri, ɗan kaushi ko mai da ya yi kauri cikin sanyi yana iya hana guduma komawa baya. A nan kam na yarda santsi yana da rana.

Sabon_Shiga:
Afuwan yayyena, me ya sa wasu ke ce mata "maka" (marker), wato mai sa alama, ba bindiga ba?

Mubarak_TX:
Asalinta kenan ƙanina. Kafin a mayar da ita wasa, kamfanin fenti na Nelson a Amurka ne ya kawo ta don masu aikin daji su sa wa itatuwa alama daga nesa, makiyaya kuma su sa wa shanu. Nel-Spot 007 sunanta. Da ita aka buga wasan farko a jihar New Hampshire a 1981, mutum 12 a cikin daji. Sunan mai sa alama ya bi ta har yau, kuma masu filaye sun fi son sa don ya fi kwantar wa iyaye hankali. Komawa ga Sadiq, wace iska kake amfani da ita? In CO2 ce ka manta da gwajin nan tun yanzu.

Sadiq_98:
CO2 ce ta zo da ita, tukunya mai oza 20. Me ya sa?

Mubarak_TX:
Saboda CO2 ruwa ce a cikin tukunya, kuma ƙarfinta zafi yake bi. A yanayi mai daɗi kamar digiri 21 tana ba da matsi wajen 850 psi, in zafi ya kai 31 ta haura 1000, daga nan kuma ba ta ma zama ruwa sosai, ƙarfin sai ya yi ta hawa. Nan Texas muna shan zafi kusan irin na gida, na sha ganin mutum ya daidaita bindiga da safe, da azahar a auna a ga ta wuce iyaka ba tare da ya taɓa komai ba. In kuma ka yi harbi da sauri tukunya ta yi sanyi har raɓa ta kwanta mata, gudu ya faɗi. In ka karkata bindiga ruwan ya shiga bawul gudu ya yi tsalle. To ka ga wannan hawa da saukar ya ninka duk abin da samfefa za ta iya yi, zai binne shi ba za ka gani ba. Ka ari tukunyar iska zalla mai rigileta, wato abin daidaita matsin iska, ko da ta alminiyam ce mai 3000 psi.

Habu_Sabongari:
Ni dai gargaɗi zan yi, don na ƙone. Spyder ce tawa, irin mai bututu biyu sama da ƙasa. Na ga hannu yana ba ni wahala sai na naɗa samfefa a sanda na ɗaura a diril na zura cikin bututun ƙasa, ina jin daɗi ina ganin yana haske. Ashe wannan launin da ke jiki ba fenti ba ne, wani rufi ne mai tauri da ake yi wa alminiyam da lantarki, ya fi shi kansa alminiyam ɗin tauri nesa ba kusa ba. Na cinye shi, na kuma faɗaɗa ramin. Da na haɗa na harba sai na ji burrrrr, guduma tana ta kaɗawa ba ta komawa ta maƙale, don robarta ta daina toshe iska. Na canza roba ta fi sau biyar, na nemo mai kauri, ta yi kwana biyu ta koma. Ƙarshenta gangar jiki na sake nema. Garin neman ƙiba na samo rama, kuma ba laifin kowa ba ne sai nawa. Duk inda roba ke toshe iska kada samfefa ta je wurin, kuma ku bar diril.

UsmanKanike:
Allah ya mayar da alheri Malam Habu. Sadiq ga dabarar da muke yi a gareji: ka samu alƙalamin maka baƙi ko shuɗi ka shafe jikin guduma da shi, ka haɗa, ka ja ta baya ka saki kamar sau ashirin, ka buɗe. Inda tawada ta goge nan ne kawai ake taɓa juna. Za ka sha mamaki, wasu 'yan layuka ne sirara ba duka ramin ba. Tunda taka ma ta hannu ce, ka duba da fitila, ina kyautata zaton ta riga ta goge wa kanta hanya.

Sadiq_98:
Wlh haka ne Oga, na duba yanzu da fitilar waya, akwai layi biyu masu haske a kowane ɓari inda fenti ya cinye, sauran wurin guduma ba ta ma taɓa shi.

Baban_Ilham:
To amma tawa sabuwa ce lokacin da na yi mata, wataƙila shi ya sa na ji bambancin sosai. Abin da za ta yi wa kanta bayan kwali da yawa ni na yi mata a wuni ɗaya.

Alƙalin_Fili:
Abu ɗaya nake roƙonku da girman Allah, kada kowa ya taɓa bakin maƙalin kunama, da kuma gaɓar da yake kamawa a jikin guduma. Wani yaro ya zo mana ya bi nasa da fayil wai don kunama ta yi laushi, ya kashe kaifin gaɓar. Muna zaune a rumfar hutu, kowa ya cire abin rufe fuska, ya ajiye ta a benci da ɗan ƙarfi ta tashi da kanta. Safar da ke bakin bututu ce ta tare ƙwallayen, ta cika da fenti tana ɗiga, ga wata yarinya zaune daidai saitin. Har yau in na tuna gabana yana faɗuwa. Ido ba ya da safaya.

Zee_KL:
Subhanallah. Allah ya ƙara tsarewa. Ni abin da zan ƙara, kuna ta maganar ƙarfe kun manta ƙwallo. Ɓawonta irin na kafso ne na magani, yana shan danshi. Nan Malesiya in ka bar leda a buɗe na awa biyu za ka ga sun kumbura sun yi laushi suna mannewa, wadda ke wucewa ta bututu da safe da yamma sai ka hura ta da ƙyar. Kuma yadda ƙwallo ta cika bakin bututu yana canza gudu kai tsaye, ƙarama iska ta zille ta gefenta, babba ta toshe. Sunan dai faɗinsu inci .68 ne amma ba duka suke daidai ba ko a leda ɗaya. Sadiq ka sayi kwali ɗaya, ka zauna ka tsince, duk mai lotsawa ko mai siffar ƙwai ka ware, ka raba sauran leda uku ka ɗaure bakinsu. In ka bari gwaji na ɗaya da na uku suka yi sati biyu a tsakani to ƙwallo kake aunawa ba samfefa ba.

Habu_Sabongari:
Mu kuma nan akasin haka ne Anti Zee, in hunturu ya shigo bushewa suke su yi gautsi, tun a cikin bututu suke fashewa. Ga tsada, kwalin 2000 yanzu sai mutum ya yi shawara da aljihunsa. Shi ya sa ma ba wanda ke son ƙona ɗaruruwa a jikin allo.

Sadiq_98:
Ai ni ma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya kenan, amma na riga na sa kai. Zan yi duka ukun a wuni ɗaya in sha Allah, in fara da sassafe.

Sabon_Shiga:
Wane mai ake sawa? Ina da WD-40 a gida da man keken ɗinkin Umma.

Injiniya_MB:
Kada ka sa ko ɗaya ƙanina. Mai na fetur yana iya kumbura wasu robobin ko ya cinye su. Ka nemi man da aka yi don bindigar fenti, ɗigo biyu uku ya isa. Masu lantarki na zamani kuma giris suke so irin Dow 33, ka bi abin da littafinta ya ce. Sannan wannan ka riƙe shi da kyau: kada mai ko giris ya taɓa shiga bakin da ake cika tukunyar iska. Mai da iska mai matsin 3000 ko 4500 psi in suka haɗu suna iya kamawa da wuta, tukunya ta tarwatse a hannun mai cikawa.

Mubarak_TX:
Kuma wanda ya goge da Autosol ko Brasso ya wanke da sabulu ya busar kafin ya haɗa. Su ma ai samfefa ce a cikin ruwa, in ka bar saura za ta gauraya da mai ta ci gaba da cin ƙarfe da roba.

Ummi_A5:
Sadiq in za ka fita da ita zuwa fili ka kwance bututu da tukunya ka sa a jaka, ka riƙe rasit. Baƙa ce kuma daga nesa ba kowa zai tsaya tambaya ba, musamman a shingen hanya. Mu a fili muke barin namu a kabad.

Sadiq_98:
Jama'a na dawo. Na yi jiya Asabar, na ari tukunyar iska da kurono a fili, na ɗaure bindiga a benci da igiyar roba, allo a mita 20, harbi 30 kowane karo ina ƙirga biyar tsakanin harbi da harbi. Karo na farko da daudarta lambobi sun warwatsu sosai, har da guda biyu da suka faɗi ƙasa warwas. Da na buɗe na wanke, abin da ya fito daga bayan guduma kamar kwalta, robarta ma ta tsage gefe ɗaya ban lura ba sai da na ciro ta. Na canza, na sa mai, na auna, nan ne na ga babban canji, lambobin suka matso kusa da juna, faɗuwar nan ta ɓace. Sai na yi dabarar Oga Usman da tawada, na goge inda ta nuna kawai, da samfefa mai lamba 600 zuwa 1500, ban taɓa maƙali ba, na wanke na haɗa. Matsakaici ya ɗan hau, 'yan ƙafafu da ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Warwatsuwar kuma ni dai ban ga ta canza ba daga karo na biyu. A allo ma in ba ni na rubuta lamba a bayan kwalin ba, ba zan iya raba na biyu da na uku ba. Amma in faɗi gaskiya, jan guduma ya yi laushi sosai, ƙarar ma ta canza, Baban Ilham bai yi ƙarya ba.

Malam_Lissafi:
Madalla, Allah ya saka da alheri, wannan shi ne aiki. Turo min lambobin duka 90 in lissafa maka. Tambaya ɗaya, ƙarfe nawa ka yi na biyu, ƙarfe nawa ka yi na uku?

Sadiq_98:
Na biyu wajen tara da rabi, na uku sai bayan azahar, gogewar ta ci lokaci.

Malam_Lissafi:
To ka ga wannan ɗan hawan ma ba zan rantse a kansa ba. Awa huɗu, rana ta take, ƙwallo ta ji zafi, ka sake zuba sabon mai a karo na uku, ita kanta ƙaramar kurono ta hannu tana da nata ɗan kuskuren. Zai iya zama samfefa ce, zai iya zama ba ita ba.

Injiniya_MB:
Ni kuma ina ganin hawan gaskiya ne, don ya tafi ɓangaren da ya kamata ya tafi, kuma ƙanƙantarsa ta yi daidai da hankali. Sifirin nan yana da ƙarfi, gogayyar da aka rage kaɗan ce a gabansa. Da ma ka cire sifirin ka ja guduma da ɗan sikelin rataye irin na auna jaka, kafin da bayan, da mun ga gogayyar ita kaɗai. Tukunya fa, ina allura ta sauka?

Sadiq_98:
Agogon ƙarami ne Injiniya, harbi 30 bai motsa shi yadda zan iya karanta bambanci ba. Wannan sai an yi ɗaruruwa.

Baban_Ilham:
Ni fa har yanzu ina kan bakana. Ba komai ne kurono ke gani ba. In bindiga tana tafiya sumul a hannunka hankalinka yana kwanciya, kuma wanda hankalinsa ke kwance ya fi harbi daidai. Sannan taka tsohuwa ce ta riga ta sassaƙe kanta, kai da bakinka ka faɗa. A gwada da sabuwa fil daga kwali mu gani.

Zee_KL:
Wannan na ƙarshen yana da gaskiya, bindiga ɗaya ce kuma tsohuwa. Amma maganar kwanciyar hankali ma ana iya gwada ta ai. Ku haɗa biyu iri ɗaya, gogaggiya da wadda ba a taɓa ba, duka a wanke a sa mai, wani ya ɗana su ya miƙa wa mutum ba tare da ya san wacce ce ba, ya harba goma-goma ya faɗi wacce ta fi. In ba a bar shi ya ja guduma da hannunsa ba ina shakkar zai gane.

Habu_Sabongari:
Ni abin da na ɗauka dai, robar da ba ta kai kuɗin kati ba ita ta yi aikin da na lalata gangar jiki guda ina nema.

Ummi_A5:
Tawa Tippmann A-5 ce, cikinta kusan tsarin ɗaya ne da 98, ban taɓa goge ta ba kuma kwali biyu kacal ta ci tunda na saye ta. In kuna so a yi da ita na bayar, amma Oga Usman ne zai riƙe samfefar, ba diril.

UsmanKanike:
Na karɓa Hajiya. Zan zo da sikelin da Injiniya ya ce da abin awon kauri, mu auna guduma kafin mu taɓa komai. Amma a fara da asuba-asuba a gama kafin rana ta yi, kuma gogewar ba za ta wuce minti arba'in ba tunda layin tawada kawai za mu bi.

Ɗan_Hamburg:
In za ku yi don Allah ku ƙara zagaye ɗaya da sifirin mai laushi, ina son in ga ko gogaggiya za ta ci gaba da ɗana kanta a inda ɗayar ta gaza. Mu nan wannan ne ya fi damunmu.

Sadiq_98:
To wa zai kawo ƙwallo? Ni rabin kwali ya rage min, kuma in za a ƙirga iska yadda Injiniya yake so ba zai isa ba. Malam na tura maka lambobin ta akwati, ka duba na 17 a karo na biyu, ban tabbata na rubuta shi daidai ba don kurono ta ɗauke ta dawo a daidai lokacin.